Manhajar kiɗan Turawa da na biya wa kuɗi, da abin da na ji a hannun Kondrashin

Manhajojin sauraron kiɗa da muka saba da su an gina su ne a kan mawaƙi da waƙarsa: ka rubuta sunan mutum, waƙoƙinsa su jeru. Daɗaɗɗen kiɗan Turawa ba ya shiga wannan tsari cikin sauƙi, domin kowane faifai yana da aƙalla suna huɗu a kansa: wanda ya rubuta kiɗan, wataƙila ya mutu shekara ɗari da suka wuce, sai makaɗin da ke gaba da fiyano ko goge, sai ƙungiyar makaɗan da ke bayansa, sai jagoran da ke tsaye yana ba su hannu. Wannan ne ya sa na biya kuɗin wata manhaja da aka keɓe wa irin wannan kiɗa kaɗai. Ba zan kira sunanta ba don ba talla na zo yi ba, kuma akwai irinta fiye da ɗaya. Abin da ya sa na ga kuɗina bai tafi a banza ba abu ɗaya ne: tana ba ka damar neman faifai da sunan jagoran makaɗa, ta jera maka duk waɗanda ya yi aiki da su. Na gwada ta a kan mutum ɗaya, Kirill Kondrashin na Rasha, kuma a kansa zan auna ta.

An haifi Kondrashin a Mosko a 1914, a gidan makaɗa. Ya yi aiki a gidan wasan Bolshoi daga 1943 zuwa 1956, sannan ya shugabanci ƙungiyar makaɗan Filhamonik ta Mosko daga 1960 zuwa 1975. Sunan da ya fara yi a duniya kuwa na rakiya ne. Akwai salon kiɗa da ake kira konceto, inda makaɗi ɗaya yake gaba, taron makaɗa kuma suna amsa masa, wani lokaci suna ja da shi. A nan jagora ba shi ne tauraro ba, aikinsa ya saurari mutum ɗaya, ya kuma juya mutum tamanin su bi numfashinsa. Duk wanda ya taɓa zama a gidan biki ya ga mawaƙi ya yi wa makaɗinsa kallo ɗaya kalangu ya sauya, 'yan amshi suka shigo daidai gaɓa, ya san cewa rabin daɗin waƙar daga bayan fage yake fitowa. Manyan makaɗan Tarayyar Sobiyat, su David Oistrakh da Sviatoslav Richter da Emil Gilels da Leonid Kogan, duk sun naɗi faifai da shi, kuma idan ka taɓa sunansa a manhajar sai ka ga kamar an buɗe maka rajistar wani zamani gaba ɗaya.

Na fara da faifan da ya fi kowane shahara. A watan Afrilun 1958 aka yi gasar Tchaikovsky ta farko a Mosko, 'yan watanni bayan Sobiyat ta harba tauraron Sputnik, lokacin da yaƙin cacar baka yake kan ganiyarsa. An shirya gasar ne don a nuna fifikon 'yan gida, sai wani dogon saurayi ɗan shekara 23 daga jihar Texas ta Amurka, Van Cliburn, ya zo ya tafi da hankalin mutanen Mosko. Malamarsa a New York, Rosina Lhévinne, 'yar Rasha ce da ta yi karatu a Mosko, don haka abin da ya kawo musu nasu ne na da, wanda ya yi ƙaura ya dawo. Gilels ne shugaban alƙalan fiyano, Richter yana cikinsu, kuma sai da aka tuntuɓi shugaban Sobiyat Khrushchev kafin a ba Ba'amurke lambar farko. Kondrashin ne ya ja makaɗa a zagayen ƙarshe. Da Cliburn zai koma gida sai ya nemi a bar wannan jagora ya biyo shi, aka kuwa bari, abin da ba a saba gani ba a wancan lokaci. A watan Mayu suka naɗi konceto na farko na Tchaikovsky a New York wa kamfanin RCA, kuma shi ne faifan wannan salon kiɗa na farko da ya sayar da kwafi miliyan ɗaya.

Abin da ya kama ni a faifan shi ne rashin gaggawa. Masu busa ƙaho suna buɗewa, fiyano ya shigo da manyan dukan nan da kowa ya taɓa ji ko da bai san sunan kiɗan ba, amma Cliburn ba ya dukan kayan kiɗan, rera shi yake yi. Yana jan layi ya tsawaita shi, ya ɗan dakata inda wani zai wuce, kuma duk inda ya dakata za ka tarar makaɗa sun riga sun jira shi. Ba ka jin an ja birki, ba ka jin an yi rige-rige. A kashi na biyu, inda sarewa take fara waƙar a hankali, Kondrashin ya rage muryar makaɗan har ta zama shimfiɗa kawai. Saurayi ne ɗan shekara 23 da duniya ta ɗora wa kaya mai nauyi, sai ga dattijo a gefensa yana share masa hanya.

A nan ne manhajar ta yi aikinta na gaske. A ƙarƙashin wannan konceto ɗin ta nuna mini wani faifan, jagora ɗaya, kiɗa ɗaya, amma shekara 22 tsakani: Martha Argerich 'yar Ajantina, a Munich a 1980, tare da makaɗan gidan rediyon Bavariya, an ɗauka kai tsaye a gaban jama'a. Argerich ta ci gasar Chopin a Warsaw a 1965, kuma an san ta da sauri da zafin hannu. Na saurari faifan biyu a jere, kuma wallahi da ba a rubuta ba, ba zan yarda mutum ɗaya ne ya ja makaɗan ba. Inda Cliburn yake tafiyar ƙasaita, Argerich sukuwa take yi. A kashi na ƙarshe, wanda aka gina a kan wata waƙar gargajiya ta Yukren, takan zabura ta yi gaba ba tare da sanarwa ba, sai ka ce yanzu za a watse, amma Kondrashin yana nan manne da ita, ya ƙara wa makaɗan wuta har su kamo ta. Ana jin tarin mutanen zaure, ana jin wurin da abu ya kusa kuɓucewa. Ni dai na fi son wannan faifan a kan na Cliburn, duk da na san masu kunnen da ya fi nawa za su ce na Cliburn ya fi natsuwa da kyan sauti. Abin da faifan biyu suka tabbatar mini shi ne mutumin nan ba shi da wani ma'auni ɗaya da yake tilasta wa kowa. Yana sauraron wanda ke gabansa, ya gane halinsa, ya ba shi filin da zai zama kansa.

Akwai gwaji na biyu irin wannan, kuma ya fi na farko tsauri domin shekara ɗaya ce kawai tsakani. Richter, wanda hukumomin ƙasarsa suka hana fita ƙasashen Yamma har zuwa 1960, ya je Landan a 1961 ya naɗi konceto biyu na Liszt da makaɗan Simfoni na Landan, Kondrashin yana ja. A 1962 kuma kamfanin Mercury na Amurka ya yi jigilar na'urorinsa har Mosko, karo na farko da ma'aikatan naɗin sauti na Amurka suka yi aiki a cikin Tarayyar Sobiyat, ya naɗi Byron Janis, ɗalibin Vladimir Horowitz, da makaɗan Kondrashin na gida. Cikin abin da suka ɗauka har da konceto na farko na Liszt ɗin nan. Janis yana walƙiya, yatsunsa kamar ba sa taɓa ƙasa, kuma makaɗan Mosko suna amsa masa da kaifi. Richter kuwa yana da nauyi, yakan sauke murya ƙasa ƙwarai sannan ya tashi da ƙarfin da ba ka zata ba. A wurin da Liszt ya sa ɗan ƙarfen nan mai kusurwa uku yana ƙara shi kaɗai, abin da aka yi ta yi masa ba'a a kai a zamaninsa, faifan Richter ya mai da shi wasa mai hankali tsakanin fiyano da makaɗa. Idan za ka saurari abu ɗaya kawai daga wannan sharhi, wannan faifan na Landan ne.

Labarin Janis ya taɓa ni da na bi faifansa gaba. Tun daga 1973 ciwon gaɓɓai ya kama masa hannuwa, ya ci gaba da kiɗa yana ɓoyewa fiye da shekara goma kafin ya bayyana wa duniya a 1985. Cliburn shi ma bai daɗe a ƙololuwa ba. An yi masa jerin gwanon tarba a titunan New York, an kafa gasa da sunansa a Fort Worth a 1962, amma jama'a suka yi ta neman ya maimaita musu kiɗan da ya ci gasa da shi, har ya janye daga fage a 1978 yana da shekara 44 kacal. Idan ka jera faifansa bisa shekaru za ka ji cewa mafi rai a cikinsu su ne na farkon nan, musamman konceto na uku na Rachmaninoff da aka ɗauka kai tsaye a zauren Carnegie ranar 19 ga Mayun 1958. Makaɗan a wannan faifai ba su da tsabtar da ake so, akwai wuraren da ba su haɗu daidai ba, amma fiyanon yana da wata irin yalwa da ban ji ta a wani wuri ba.

Kafin in ci gaba da yabo, ga inda manhajar ta ba ni haushi. Shekarar da take rubutawa a ƙarƙashin faifai sau da yawa shekarar da aka sake fitar da shi ce, ba wadda aka naɗe shi ba. Sai ka ga faifan 1961 an manna masa wata shekara ta bayan mutuwar jagoran. Ga wanda yake son bin rayuwar makaɗi daga ƙuruciya zuwa tsufa wannan babbar illa ce, domin dole ya fita waje ya nemo kwanan watan da kansa. Haka kuma sunan mutumin ya rarrabu: wani faifan an rubuta shi da salon Ingilishi, wani da na Jamusanci, wani da na Faransanci, kuma manhajar ba ta haɗe su duka a shafi ɗaya ba, don haka wasu faifan sai ka bi ta sunan mai fiyano kafin ka gan su. Biyan kuɗin ma sai da aka sha fama da katin banki kafin ya wuce. Ga cin data: idan ka zaɓi sauti mafi inganci, simfoni ɗaya, wato dogon kiɗan taron makaɗa, mai tsawon sa'a guda zai yi maka ɓarna sosai. Dabarar ita ce ka sauke abin da kake so lokacin da ka samu intanet mai araha, ka saurara daga baya, kuma wannan ɓangaren yana aiki lafiya.

Wani abin kuma ba laifin manhajar ba ne, halin kiɗan ne. Yana sauka ƙasa har ka zaci ya tsaya, sannan ya fashe da ƙara. A cikin mota ko kusa da janareta rabin abin ɓacewa yake yi. Lasifikar waya ba ta ɗaukarsa ko kaɗan, sai da abin sauraro na kunne mai ɗan kyau, da daddare.

Inda na fi daɗewa shi ne wurin Dmitri Shostakovich, domin a nan rakiyar Kondrashin ta tashi daga gwaninta ta koma jarumta. Shostakovich ya rubuta simfoninsa na 4 a tsakiyar shekarun 1930, ya janye shi a 1936 ana cikin gwaji, bayan jaridar Pravda ta kai masa hari a zamanin Stalin. Kiɗan ya kwanta shekara 25 ba wanda ya ji shi, sai ranar 30 ga Disambar 1961 Kondrashin ya gabatar da shi a Mosko. Shekara ɗaya bayan haka aka zo kan simfoni na 13. An gina shi a kan waƙoƙin Yevgeny Yevtushenko, kuma ta farkonsu tana magana ne a kan Babi Yar, wani kwazazzabo a gefen birnin Kiev inda sojojin Nazi suka harbe Yahudawa fiye da 33,000 cikin kwana biyu a watan Satumbar 1941. Waƙar ta fito fili ta ce ba a gina wa mamatan ko da dutsen tunawa ba, ta kuma taɓo ƙiyayyar Yahudawa a cikin ƙasar kanta. Hukuma ba ta so. Yevgeny Mravinsky na Leningrad, wanda ya fara gabatar da yawancin manyan simfonin Shostakovich tun 1937, ya janye jikinsa. Mawaƙin da aka fara nema ya ƙi, wanda aka sa bayansa ya ɓace ranar wasan, sai na jiran ko-ta-kwana, Vitaly Gromadsky, ya hau. An matsa wa Kondrashin ya cire kashin farko, ya ƙi. Ranar 18 ga Disambar 1962 aka yi wasan cikakke. Daga baya hukuma ta sa aka sauya wasu baitoci kafin ta bari a ci gaba da rera shi.

Na saurari wannan simfoni a hannunsa, kuma ban taɓa jin kiɗa mai nauyin zuciya irinsa ba. Ƙararrawa ce take buɗewa, sai taron maza masu kakkaurar murya su shigo da baki ɗaya, a ƙasa, kamar masu ɗauke da makara. Naɗin na kamfanin gwamnati Melodiya ne, sautinsa yana da kaushi, masu busa suna yanka kunne idan sun tashi, kuma wani zai ce faifan zamani sun fi shi daɗin ji. Gaskiya ne sun fi shi tsabta. Amma mutanen da ke busawa da rerawa a nan sun rayu cikin abin da ake faɗa, kuma kaushin ya dace da maganar. Abin takaici, manhajar ba ta sa baitocin ba balle fassararsu. Kiɗan da aka yi rigima a kan kalmominsa har zuwa saman gwamnati, a ba ka shi ba kalma ko ɗaya da za ka karanta, wannan sakaci ne babba. Sai da na nemo fassarar a wani wuri na riƙe ta a hannu sannan na sake saurara. Kondrashin ya ci gaba har ya naɗi dukan simfoni 15 na Shostakovich, kuma yawancinsu suna cikin manhajar.

Oistrakh ma yana da nasa rabon a wannan labari. Shostakovich ya rubuta masa konceto na biyu na goge a matsayin kyautar cika shekara 60, sai dai ya yi kuskuren lissafi ya kawo kyautar shekara ɗaya kafin lokaci, tunda a 1908 aka haifi Oistrakh a Odessa. A watan Satumbar 1967 suka fara gabatar da shi da Kondrashin. Kiɗa ne na dattawa, ba ado, goge yana magana a hankali kamar mai tuna abin da ba ya son faɗa, ƙaho ɗaya yana amsa masa jefi-jefi. Bai shige ni a karon farko ba, sai da na maimaita. Wanda bai saba da Shostakovich ba kada ya fara da nan.

A watan Disambar 1978, yana da shekara 64, Kondrashin ya je aiki Holan ya nemi mafakar siyasa. Ya bar matsayi da suna a gida, hukumomin Sobiyat kuma suka janye faifansa daga kasuwa. Ƙungiyar Concertgebouw ta Amsterdam ta karɓe shi ya yi aiki kafaɗa da kafaɗa da jagoranta Bernard Haitink. A 1979 suka naɗi Scheherazade na Rimsky-Korsakov, wanda aka gina a kan tatsuniyoyin Dare Dubu da Ɗaya da mu ma muka taso muna jin su. Gogen Herman Krebbers ne muryar matar da ke ba sarki labari don ta tsira da ranta, masu busa kuma su ne fushin sarkin. Wannan ne faifan da zan miƙa wa duk wanda bai taɓa zama ya saurari irin wannan kiɗa ba, domin labarin yana hannunsa tun kafin a fara, kuma sautin zauren Amsterdam yana da laushi da faɗi, ya bambanta ƙwarai da na Mosko. A shekarar kuma ya naɗi konceto na goge na Beethoven a Vienna da Kyung-wha Chung 'yar Koriya ta Kudu. Shi wannan bai motsa ni ba. Komai yana wurinsa, amma tafiyar ta yi sanyi da yawa, kamar kowannensu yana girmama ɗan'uwansa har aka rasa mai jan gaba.

Bai more sabuwar rayuwar ba. An riga an zaɓe shi ya gaji Rafael Kubelík a shugabancin makaɗan rediyon Bavariya, waɗanda ya ja wa Argerich. Ranar 7 ga Maris 1981, kwana ɗaya bayan ya cika shekara 67, aka roƙe shi ya maye gurbin Klaus Tennstedt ba shiri, ya ja makaɗan rediyon arewacin Jamus a simfoni na farko na Mahler a Amsterdam. Ya kammala wasan, a daren zuciyarsa ta buga, ya rasu. A wannan birni ne Oistrakh ma ya rasu a 1974, shi ma ya je aiki. An ɗauki sautin wasan Mahler ɗin, an kuma fitar da shi a faifai, amma na nema a manhajar ta kowace hanya ban same shi ba, kuma wannan giɓi ne da bai kamata a samu a manhajar da ta ce wannan kiɗa ne sana'arta ba.

Wanda yake son ɗan kiɗa mai taushi a bayan fage yayin karatu ko aiki, ba ya bukatar biyan wannan kuɗi, abin da yake kyauta a YouTube ya ishe shi. Manhajar ta wanda yake son kwatantawa ce, ya ɗauki kiɗa ɗaya ya ji shi a hannu biyu ko uku, ya bi makaɗi daga gasar da ta fito da shi har tsufansa. Na sabunta rajistata, na kuma rubuta musu a sashen ƙorafi cewa su gyara shekarun naɗi, su haɗe rubutun sunaye, su sa baitocin waƙoƙi da fassara. Abin da na sauke yanzu yake jira shi ne konceto na Brahms da Kogan ya naɗa da Kondrashin a Landan a 1959, da na biyu na Rachmaninoff da Vladimir Ashkenazy ya yi da shi a 1963, shekarar da Ashkenazy ya bar Tarayyar Sobiyat.